Robar kafireta ta babban babur: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Salamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na daɗe ina cewa zan yi shi, don gaskiya maimaita amsa ɗaya ya fara isata, yau a WhatsApp, gobe a gareji, jibi mutum ya tare ni a gidan mai ina sauri. Duk wanda ya sayi tsohon babban babur na doguwar tafiya, irin su Gold Wing da Venture da Voyager da Pan European ɗin nan da yaran unguwa ke kira fawa baik duk da ba na tsere bane, to ko ba daɗe ko ba jima sai ya iso kan maganar robar kafireta. Ni ba injiniya bane, mahayi ne kawai da ya sha kwance nasa da na abokai a nan Kaduna har hannu ya saba. Ga tambayoyin yadda suke zuwa min.

Wai wace roba ce ake ta magana a kai?

Gajeruwar roba ce mai kauri kamar wuyan tulu, tana tsakanin kafireta da kan silinda. Duk haɗin iska da fetur da kafireta ta yi ta cikinta yake bi ya shiga inji. Wata da noti biyu ake ɗaure ta a jikin inji, akwai zoben roba siriri a ƙarƙashinta, wata kuma kilif ne ke riƙe ta gaba da baya. Bayan wucewar mai tana da wasu ayyukan, ita ke ɗauke da nauyin kafireta, ita ke rage girgiza, kuma ita ke hana zafin inji ya kai ga kafireta ya dafa man da ke ciki.

Akwai kuma ta baya, wadda ke tsakanin kafireta da akwatin iyakilina, wato matatar iska. Mutane na haɗa su a baki amma ba ɗaya bane. Idan na ce robar kafireta a nan ta gaba nake nufi, ta wajen inji, in zan yi maganar ta baya zan faɗa.

Ta yaya zan gane tawa ta fara zuƙar iska?

Sulo, wato aikin inji in babur na kunne ba a ja totur ba, shi ne yake fara tona mata asiri. Ka ja totur ka saki, maimakon inji ya dawo ƙasa nan take sai ya tsaya a sama yana ihu na ɗan lokaci kafin ya sauko a hankali, ko kuma ka tsaya a danja a Ahmadu Bello Way kaji yana hawa yana sauka shi kaɗai kamar mai haki. Wani da safe ba zai tashi ba sai da cok, kuma kana mayar da cok ya mutu ko da ya yi zafi. Wani kuma in ka saki totur a gangara sai salansa ta dinga fat fat fat kamar ana wasan wuta. In ka cire filogi zaka ga na silindar da abin ya shafa ya yi fari tas kamar alli, sauran kuma kalar ƙasa-ƙasa.

Dalilin da yasa a sulo ya fi nunawa shine lokacin ƙofar totur a rufe take kusan gaba ɗaya, inji yana zuƙa da ƙarfi ta ɗan ƙaramin wuri, to duk inda ya samu wata kafa a hanya ta nan zai ja iska. Inji na son wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur in aka auna da nauyi, kafireta kuma iskar da ta bi ta cikinta kawai take sa wa mai. Wadda ta shigo ta tsagar roba ɓarauniya ce, ba a lissafa da ita ba, sai haɗin ya tsinke. In ka buɗe wuta a kan hanyar Zariya ba lallai kaji komai ba sosai, shi yasa wasu ke cewa ai babur ɗina lafiya lau yake gudu, sulo ne kawai.

An wanke min kafireta har sau uku abin bai daina ba, me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ce ta sa ni rubutun nan. Kanikawanmu Allah ya saka musu da alheri, amma yawancinsu hannunsu a kan Boxer da Jincheng da Haojue ya faɗa, masu kafireta ɗaya da ake cirewa cikin minti biyar. A wajensu in sulo ya lalace to datti ne, a wanke. In aka wanke bai daina ba sai a kama sukurun iska ana murɗawa har sai ƙarar ta yi daɗi a kunne. A babur mai kafireta huɗu wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin an ɓata saitin guda uku masu lafiya don a rufa wa ɗaya asiri.

Kuma abin da ba a lura da shi ba, duk cirewa da mayarwa da ake yi ƙara yaga robar ake yi. Roba ce ta shekara ashirin ko talatin, ta bushe ta zama kamar ƙashi, an sa ƙarfen taya an banƙare, an mayar da guduma da katako. Ni kaina haka ta faru da ni farkon sayen nawa, na kai wani gareji aka wanke, na dawo gida ya fi da lalacewa, na koma aka sake wankewa, sai a karo na uku wani dattijo da ke zaune gefe yana shan shayi ya ce ɗan nan haska min wuyan nan da tocila. Tsaga ce a ƙasan ta uku, inda ido ba ya kaiwa, tsawonta bai kai farce ba.

Akwai yadda zan gwada ba sai an kwance ba?

Akwai. Ka tayar da babur ya ɗan yi ɗumi ya zauna a sulo, ka samu gwangwanin feshin wanke kafireta mai siririn tsinke, ka dinga fesa kaɗan kaɗan a jikin kowace roba, ɗaya bayan ɗaya, inda ta haɗu da inji da inda ta haɗu da kafireta da kuma ƙasanta. In ƙarar inji ta canza, ko ta hau ko ta faɗi, to nan ne. Ka jira ya bushe ka maimaita don ka tabbatar, kuma kar ka fesa kusa da bakin iyakilina don zai zuƙa ta can ya ruɗe ka.

Amma don Allah a kula, abin nan wuta yake kamawa. Kar a yi a cikin ɗaki ko shago a rufe, kar a yi inji ya yi zafi jau bayan doguwar tafiya, kar wani ya tsaya kusa da sigari, kuma a tanadi abin kashe wuta ko bokitin yashi a gefe. Na ga masu yi da fetur a robar ruwa da aka huda wa murfi, wallahi kar ka yi, tartsatsi ɗaya daga wayar filogi ya isa. In kana tsoro ka yi da ruwa a abin feshi, shi sulo faɗuwa zai yi in ya zuƙa, bai kai wancan nunawa ba amma ba ya cin gemu.

Wani gwajin mai sauƙi, inji na sulo ka kama kafiretocin da hannu ka ɗan ɗaga su sama ka danna ƙasa a hankali. In ƙara ta canza to roba ta saki ko kilif ya yi sako-sako.

Na ga tsage-tsage a jikinta, dole sai na canza?

Ba dole ba. Robar nan tana da kauri, sau da yawa fatar waje ce ke tsagewa kamar faso a dunduniya amma ciki lafiya lau, an san na Yamaha da wannan sosai. Gwajin feshi ne zai raba gardama. In an riga an cire ta, ka lanƙwasa ta da hannu ka haska tocila ta ciki, in haske ya fito ko tsagar ta buɗe baki har ciki to ta gama. Haka in ka danna da farce kaji kamar roba ta bokiti, ba ta lotsawa ko kaɗan, ko babu tsaga ba za ta kama wuyan kafireta da kyau ba.

In na bar ta haka na ci gaba da hawa fa?

Zai yi tafiya, ba zan maka ƙarya ba. Amma silindar da ke shan iska fiye da kima, zafi take yi fiye da sauran, in aka daɗe bawul ɗin salansa na iya ƙonewa, in abin ya yi tsanani har kan fistin yana taɓuwa. Sannan ga ƙura. Iskar da ke shiga ta tsaga ba ta bi ta iyakilina ba, to ka tuna yadda garin nan yake a Disamba da Janairu in hunturu ya sauko, ko ka bi hanyar Rigasa bayan tirela, duk wannan garin ƙasar kai tsaye cikin silinda yake zuwa yana cin ringi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, kuma ringi da bawul na irin waɗannan baburan ba a Panteka ake tsintarsu ba.

Me ke kashe ta ne tun farko?

Shekaru da zafi. Gold Wing GL1500 daga 1988 zuwa 2000 aka yi shi, Pan European ST1100 daga 1990 zuwa 2002, Voyager XII daga 1986 zuwa 2003, Royal Star Venture ne ma ya daɗe har 2013. Kaga ko ƙaramin cikinsu ya kwana biyu. Sinadarin da ke sa roba laushi a hankali yake fita, zafin inji na gasa ta ta ciki, ranar Maris da Afrilu na gasa ta ta waje, hunturu ya zo ya busar. Ga wanki da kananzir ko fetur da masu wankin babur ke yi wa inji don ya yi ƙyalli, shima yana ci. Wani abin kuma da yawa ba su sani ba, in aka cire akwatin iyakilina ko robobin baya suka saki, nauyin kafiretoci huɗu gaba ɗaya a kan na gaba yake sauka, ramin hanya ɗaya biyu sai su yage.

To a ina zan samu a Kaduna?

Ka zagaya wajen masu kayan gyara a Oriakpata da Panteka ba laifi, wani lokaci ana dace musamman zoben roba da kilif da tiyo ƙanana, amma sabuwar robar Gold Wing ko Voyager a ajiye a shago, kar ka sa rai sosai. Baburan ba su da yawa a gari, ɗan kasuwa ba zai ajiye abin da sai shekara ta zagayo ake tambaya ba. Masu kawo kayan manyan babura sun fi yawa a Legas da Abuja, ka tura musu hoto da lamba su duba, in akwai su sa maka a mota. In babu sai oda daga waje, ko ta eBay ko shagunan kayan babur na intanet na Amurka da Turai da Japan, ko ka haɗa da wani ɗan'uwa mai dawowa tunda abu ne mara nauyi, huɗun ma aljihun jaka ya ishe su.

Farashi kuwa kar ka tambaye ni, da dala yake tafiya, abin da na faɗa yau gobe ya zama ƙarya.

Da wane suna zan nema? In na ce robar kafireta ba sa ganewa

Nan ne mutane ke ɓata. Kowane kamfani da sunan da yake kiranta a littafin kayansa. Honda na rubuta insulator, Yamaha na rubuta joint carburetor, Kawasaki holder carburetor, Suzuki kuma intake pipe. Masu sayarwa a intanet yawanci intake boot ko manifold boot suke sawa. Amma suna ba shine abin dogaro ba, lamba ce. Ta Honda yawanci da 16211 take farawa, sai haruffa ko lambobi uku na tsakiya da ke nuna samfurin babur, ta Kawasaki kuma da 16065.

Abin da zaka yi, ka duba lambar bodi a wuyan firam wajen da kan babur ke juyawa, guda 17 ce haruffa da lambobi in babur ɗin na kasuwar Amurka ne daga 1981 zuwa sama. Da ita zaka san ainihin shekararsa, kar ka yarda da abin da dillali ya faɗa maka ko abin da aka rubuta a takarda, na ga babur da aka sayar a matsayin 1998 ashe 1991 ne. Daga nan ka buɗe zanen kayan wannan samfurin a intanet, ka nemo shafin kafireta ko na kan silinda, ka kwafi lambar. Ka lura da kyau ko duka huɗun lamba ɗaya ce ko ta hagu daban ta dama daban, don a wasu injinan ba ɗaya bane, wata tana da ɗan bututun tiyo a jiki wata babu. Kuma tunda yawancin namu tokumbo ne wani an taɓa canza masa inji tun a can, ka duba lambar inji ma, sannan in ka cire tsohuwar ka auna faɗin bakinta da tazarar ramukan noti ka kwatanta da hoton kafin ka tura kuɗi.

Na samu ta tokumbo da araha, in saya?

A'a. A wasu kayan tokumbo ya fi sabo, na yarda, amma banda roba. Wadda aka ciro daga wani babur sa'ar taka ce, shekararsu ɗaya, ita ma ta bushe, bambancin kawai ita ba ta riga ta tsage ba tukuna kuma a wajen sawa zata tsage. Sai dai in babur ɗin ya tsaya cak kuma babu sabuwa ko'ina a duniya, kamar wasu samfuran farkon shekarun 1980 da kamfani ya daina yi musu, nan kam babu yadda aka iya.

Orijina ko ta China?

In orijina na samuwa kuma aljihu zai ɗauka, ita. Aikin cire kafireta a waɗannan baburan wuni guda ne, ba abin da kake so ka maimaita bayan wata shida bane. Na kamfanonin bayan fage kala-kala ne, akwai na Japan masu kyau da ba su da maraba da orijina, akwai kuma masu arhar nan marasa suna da ke zuwa huɗu a leda, na taɓa sa irinsu don ƙarfin hali, damina ɗaya suka yi suka fara tsagewa, ɗaya ma tun ranar farko ramin kilif ɗinta bai zauna daidai ba. Araha ba ta ado. In dole ce ta sa ka saye su to ka sayi zoben roba mai kyau daban, irin Viton da ke jure fetur da zafi, kar ka yi amfani da wanda ya zo a ledar.

Wani ya ce a yanka tiyon lagireto a sa, ko a sa ta ƙaramin babur

Tiyon lagireto don ruwa aka yi shi, fetur na kumbura shi ya yi laushi, kuma ba shi da ɗan tudun nan na ciki da ke shiga ramin wuyan kafireta ya riƙe ta. Ta Boxer kuma ko kusa, bakin bai kai ba.

Gam fa? Ko silikon ɗin gaskit?

Na fita kunya ne, ba gyara ba. In tsagar waje ce ƙarama, a wanke a busar a shafa baƙin silikon ta waje kawai, ko a naɗe da tef ɗin silikon mai kama kansa, wasu ma tsohon tib na keke suke yankawa su saka mata kamar safa, zai kai ka wata ɗaya biyu kafin odarka ta iso. Amma kar a shafa komai ta ciki ko a fuskar da ke manne da inji a madadin zoben roba, silikon ba ya shiri da fetur, zai narke ya zama kamar majina inji ya haɗiye. Sufa gulu da garin toka ko yashi da ake yi wa fashewar roba a bakin titi kuwa ƙara busar da wurin yake, ya tsage ta gefe.

Guda ɗaya ce ta lalace, sai na canza duka?

Duka. Rana ɗaya aka haife su. Kuma sabuwa ɗaya mai laushi a tsakanin tsofaffi uku masu tauri ba sa zama daidai. Ka haɗa da zobban roba da kilif in nasu sun miƙe, ka kuma taɓa na baya na wajen iyakilina kaji, in sun ƙanƙance ba sa kaiwa bakin kafireta to su ma.

Zan iya yi da kaina? Yaya ake yi?

In kana da haƙuri da waje mai tsabta zaka iya. Kar ka fara da la'asar, kar ka fara in gobe kana da tafiya. Inji ya huce, a cire wayar batir ta negatif, a rufe mai. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare, kuma duk tiyon da ka zare ka manna masa takarda da lamba, musamman a GL1500, shi kafireta biyu ce kacal ke ciyar da silinda shida amma ƙananan tiyoyin iska da ke ƙarƙashinta kamar taliya suke, in ka rikita su sai ka yi kuka. Robobin jiki da kujera da tanki ko murfinsa duk su sauka, sukurorin kowane ɓangare a gwangwaninsa daban.

Sai ka share ƙasar da ta taru a wajen da buroshi ko iska kafin ka buɗe, don kar ta zuba ciki. Ka tsiyaye man kafireta ta sukurun ƙasa, ka sassauta kilif na gaba da na baya sosai, ka ja akwatin iyakilina baya iya yadda zai tafi, ka cire wayar totur da ta cok. Kafiretocin a haɗe suke fita gaba ɗaya, kar ka raba su. Ka dinga jijjiga su sama da ƙasa kana ja, in sun ƙi ka hura wa robar zafi da abin busar da gashi na uwargida, in an ba ka aro, har ta yi laushi. In ma dole sai ka sa wani abu ka banƙara to katako, kuma ba a jikin sandar da ke haɗa totur ɗin ba. A Voyager da ɗan'uwansa Concours na Kawasaki wurin matsattse ne ƙwarai, sai ka yi ta lallaɓawa ta gefe. Suna fita ka toshe ramukan inji da tsumma mai tsabta nan take, wasa wasa noti ɗaya ya faɗa ciki an shiga wani babin.

Yanzu sukurorin da ke riƙe robar a jikin inji, nan ake yawan ɓarna. A baburan Japan kan sukurun kamar sita yake amma ba irin sitan da muka saba bane, ma'aunin Japan ne da ake kira JIS, wasu ma zaka ga ɗan ɗigo a gefen kan. Sukudireba sita na kasuwa zamewa yake ya cinye kan. Ka nemi na JIS, ko ka samu sukudireban nan da ake bugawa da guduma, ka fesa man sassauta tsatsa tun dare. In sun fita ni ba na mayar da su, masu kan alanki nake sawa.

Ka goge fuskar inji tas, kar ka kankare da wuƙa ko ƙarfe don alminiyon ne, in ya yi zane ta nan iska zata bi. Sabon zobe ya zauna a raminsa da ɗan giris kaɗan don kar ya zame. Ka duba jikin sabuwar robar, yawanci akwai kibiya ko rubutu ko ɗan tudu da ke nuna sama ko ɓangaren kafireta, in ka juya ta zata shiga amma kafiretocin ba za su yi layi ba. Ɗaurin noti a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, ƙananan nan masu kauri milimita 6 wajen 10 Nm suke so, wato ɗaurin hannu mai kyau ba na hawa kan sifana ba, zaren alminiyon ba ya yafiya.

Kafiretocin sun ƙi komawa, na yi ta turawa

Kowa sai ya yi zufa a nan. Kilif su zama a sake sosai amma suna wurinsu, kan sukurunsu na kallon inda sukudireba zai kai daga baya. Ka ɗumama robobin, ka shafa ɗan giris na roba ko ruwan sabulu kaɗan a bakinsu, ka daidaita duka a lokaci ɗaya sannan ku tura ku biyu, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Zaka ji sun faɗa da wata 'yar ƙara ƙwas. In baka ji ba ka zagaya da tocila da ɗan madubi ka duba kowace, sau da yawa uku sun shiga ɗaya ta tsaya rabi, mutum ya ɗaure a haka ya ce sabuwar roba jabu ce. Kilif kuma ba a matse shi har sai ya nutse cikin roba, wasu na Honda ma suna da ɗan ƙarfe a tsakani da ke tsayar da kai in ya isa.

Tunda na buɗe, akwai abin da ya kamata in duba?

Ƙananan tiyoyin iska da 'yan hulunan roba da ke toshe bututun gwaji, su ma suna tsagewa kuma alamarsu ɗaya da ta babbar roba. Masu ST1100 ku kam kar ku mayar da kafireta baku duba tiyoyin ruwa da ke kwance a tsakiyar inji ƙarƙashinta ba, an san su da yoyo in sun tsufa kuma babu hanyar kai musu sai an cire kafireta. A tsofaffin Gold Wing masu silinda huɗu, GL1000 da GL1100, bututun ƙarfe ne ke sauka zuwa kan silinda da zoben roba a ƙasansa, sau da yawa zoben ne kawai ya mutu, canza shi ya wadatar.

Na sa sabbi, shikenan?

Saura saiti. Duk murɗe-murɗen da aka yi a baya don ɓoye matsalar yanzu zai fito fili, wataƙila ma kaji ya fi da muni, kar ka tsorata. A mayar da sukurun iska na kowace kafireta yadda littafin babur ɗin ya ce, sannan a daidaita kafiretocin da agogon auna zuƙa, wanda ake haɗa tiyo a kowace silinda a ga allurai sun tsaya wuri ɗaya. Da kunne ba ya yiwuwa a kan guda huɗu, duk wanda ya ce maka zai iya ka yi masa godiya ka wuce. In babu mai agogon kusa da kai ana haɗa na gida da doguwar tiyo fara da ɗan baƙin mai a ciki, ana gwada biyu biyu, yana aiki in an yi a hankali. Bayan tafiya ta farko, kamar ka je Zariya ka dawo, ka bari ya huce ka sake taɓa kilif ɗin, sabuwar roba tana ɗan kwantawa.

Na canza, na yi saiti, har yanzu sulo na rawa

To sai a koma kan sauran. Ƙaramin jet na sulo ya toshe, ko robar saman kafireta mai kama da lema ta huje, ko bawul sun matse suna son saiti, ko wayar totur ta ɗame ba ta da wasa, gwada juya kan babur hagu da dama kaji ko ƙara na canzawa. Fat fat ɗin salansa kuma wani lokaci gaskit ɗin bakin salansa ne ke yoyo. Amma kafin duk wannan ka sake gwajin feshi, don zobe na iya zamewa wajen ɗauri.

Nawa injekta ne, GL1800, abin ya shafe ni?

Daga 2001 Gold Wing ya koma injekta, ba ka da kafireta. Roba da tiyo dai suna nan tsakanin maƙogwaron totur da inji kuma su ma suna tsufa, sai dai kwamfutar babur na ɗan rufe ɓarakar, ba ka saurin ji.

In ta yage min a hanya fa, misali ina hanyar Jos?

Shi yasa a akwatin gefe kullum ina da tef ɗin silikon, da igiyoyin roba masu zugewa, da sukudireba doguwa da ke kaiwa kilif. In kaji sulo ya haukace bayan ka faɗa rami wajen Pambeguwa ko Saminaka, tsaya a inda mutane suke, bari ya huce, duba ko kafireta ce ta zame daga bakin roba, wannan ya fi yawa, sai ka sassauta kilif ka mayar ka ɗaure. In yagewa ce ka goge wurin ya bushe ka naɗe da tef ka matse da igiya, ka tafi a hankali ba tare da buɗe wuta ba kana lura da allurar zafi. Kar kuma ka bari wani ya taɓa maka sukurun iska a bakin hanya, Jos ta fi Kaduna tudu sosai, iskarta ba ta kai ta nan kauri ba, ko lafiyayyen babur sulonsa na ɗan canzawa a can, in ka gangaro gida zai koma yadda yake.